Ruwan Minti Uku: Yadda Na Shiga Kwana-Kwana a Jamus

Maƙwabcina mai gyaran famfo ne. Wata Asabar da hantsi muna tsaye a ƙofar gida yana koya mini, karo na ban san nawa ba, wace shara ake zubawa a wane bokiti, sai wani abu ya ɗauki tsuwwa a ƙugunsa. Bai ƙarasa kalmar da ke bakinsa ba. Ya haye keke da silifas a ƙafa, ya bar ni riƙe da kwalin madara. Ban gama mamaki ba sai ga jar mota ta karyo kwana da jiniya, na hango shi ta taga da hular kwano a ka, yana ɗaure igiyar haɓa.

Da yamma na ce masa, "Ashe aiki biyu kake yi ban sani ba?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ko sisin kwabo ba a biyansa. Duk waɗanda na gani a motar nan mutanen gari ne: akwai manomi, akwai malamar makarantar yara, akwai mai sayar da tabarau a bakin kasuwa. Garinmu ƙarami ne a jihar Hessen, tafiyar kusan awa guda daga Frankfurt, kuma ba shi da ma'aikacin kashe gobara mai zaman jiran kira. Dokar jihar ta wajabta ɗaukar ma'aikata na dindindin ne a biranen da mutanensu suka haura 100,000, irin su Frankfurt da Wiesbaden da Kassel. Sauran garuruwa da ƙauyuka kuwa galibi 'yan sa-kai ne ke riƙe da su. A faɗin Jamus sun kai kimanin miliyan 1, alhali masu cin albashi a wannan aiki ba su kai 50,000 ba. Na san a gida idan aka ce ɗan sa-kai, abin da zai zo wa mutum shi ne mai gora da tocilan yana gadin unguwa. A nan aikin gayya nake nufi, sai dai gayya ce mai doka da rajista da kasafin kuɗi.

Akwai abin da ban gaya masa ba a ranar. Ina yaro kasuwar garinmu ta taɓa kamawa da wuta cikin dare. Muka fita da bokitai da ƙasa da ruwan omo. Da motar kwana-kwana ta iso, ta yi feshi na ɗan lokaci, sai tiyo ya saki jiki, ruwa ya ƙare. Mutane suka hau jifa suna cewa sun zo da tanki rabi, sun sayar da sauran. Ban yi jifa ba, amma da muryata a cikin masu ihu. Na girma da wannan hukunci a raina: 'yan kwana-kwana ba sa zuwa da wuri, in sun zo ba ruwa.

Shigata ba ta yi wuya ba. Ya ce in zo ranar Litinin ƙarfe bakwai na yamma, lokacin atisaye. Na je sau uku ina kallo kafin a ba ni takarda in cike. Ba a tambaye ni fasfon Jamus ba. Abin da ake so shi ne ka cika shekara 17, kana da lafiya, kana zaune ko kana aiki a garin, kuma kana jin Jamusanci daidai yadda in an daka maka tsawa cewa ka ja da baya za ka gane. Aka buɗe mini akwatin ƙarfe mai sunana a jiki, aka jera mini riga da wando masu kauri da ba sa saurin cin wuta, takalmi mai ƙarfe a baki, safar hannu, hular kwano mai labulen wuya. Wanda ya ba ni kayan ya nuna mini yadda ake ajiye wando a zube a kan takalmi, ta yadda ƙafa na shiga sai ka ja shi sama kawai. Na ɗauka wasa ne, sai da na ga kowane akwati haka yake.

Abin da ya fi ba ni wahala a makonnin farko ba nauyin kaya ba ne, baki ne. Jamusanci yana da "ku" ta girmamawa da "kai" ta sabo, kamar dai yadda muke yi wa manya. A tasha kuwa kowa "kai" ne. Wani dattijo da a shekaru ya haife ni ya dube ni ya ce in na sake ce masa "ku" sai na wanke mota ni kaɗai. Wata biyu ina kauce wa kiransa kai tsaye.

Ba a barin sabon shiga ya hau mota zuwa wurin gobara sai ya yi kwas ɗin farko, wanda ba ya gaza awa 70. Gunduma ce ke shirya shi, ana haɗa sababbi daga garuruwa da yawa, ana yi da yamma da kuma ranakun Asabar tunda kowa yana da aikin da yake ci da shi. A nan na gane cewa motar kashe gobara ba a shiganta kamar motar haya. Cikakkiyar tawaga mutum tara ce, kuma kujerar da ka zauna ita ce aikinka. A gaba akwai direba, wanda shi ne kuma mai kula da injin famfo, sai shugaban tawaga a gefensa. A baya mutum bakwai: biyu masu tunkarar wuta, biyu masu nemo ruwa, biyu masu shimfiɗa tiyo, da ɗan aike guda da shugaba ke juyawa yadda ya so. Kujeru uku suna kallon baya, huɗu suna kallon gaba, kuma har 'yar waƙa ake koya wa sababbi don su haddace wa ke zama ina. Amfanin wannan shi ne, ƙarfe uku na dare, ko ba ka taɓa fita da mutumin da ke kusa da kai ba, ka san abin da zai ɗauka da inda zai nufa tun mota ba ta tsaya ba.

Umarni ma yana da tsarinsa. Shugaba zai faɗi inda za a ɗebi ruwa, inda za a ajiye mararraba, sannan wa zai je, me zai yi, da wane kaya, zuwa ina, ta wace hanya. Wanda aka umarta sai ya maimaita da ƙarfi kafin ya motsa. Mararrabar nan wani ƙarfe ne mai baki ɗaya na shiga da uku na fita. Babban tiyo mai faɗin milimita 75 da tsawon mita 20 shi ke kawo mata ruwa daga mota, ƙananan tiyo su ɗauka daga nan zuwa wuta. Na farko a hagu ake ɗaura shi, na biyu a dama, na uku a tsakiya. Ranar da na ɗaura na farko a dama, mai koyarwa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in tsaya in yi tunani: abokina yana cikin ɗaki ya ce a ba shi ruwa, wanda ke kan mararraba ya buɗe hagu kamar yadda aka koya wa duk ƙasar, ni kuma na sa tiyonsa a dama. Ban sake ba.

A rana ta huɗu ko ta biyar aka zo kan ruwa. Mai koyarwa ya dafa motar ya tambaye mu lita nawa ke cikinta. Wani ya ce dubu goma, ni na ce dubu biyar. Ya ce 1,200. Famfonta kuma yana iya tura lita 1,000 a minti ɗaya. Babban bakin feshi guda yana shan lita 400 a minti. Ya ce mu yi lissafi da kanmu. Minti uku.

Na yi shiru, hankalina ya koma kasuwar garinmu. Ashe ko da tankin mutanen nan cike yake har baki, abin da za su iya ke nan. Ruwan cikin mota na buɗe faɗa ne kawai, kafin masu nemo ruwa su haɗa ta da bututun gari. A nan bututun yana ƙarƙashin titi. Duk 'yar tafiya kaɗan za ka ga murfin ƙarfe mai siffar ƙwai a ƙasa, da wani ƙaramin allo fari mai jan baki a jikin bango ko turke. Shekara biyu ina wuce allunan nan ina zaton na masu lantarki ne. In an rubuta H 100, ana nufin bututun da ke ƙasa faɗinsa milimita 100 ne, lambobin da ke ƙasa kuma suna gaya maka mita nawa za ka taka gaba, nawa hagu ko dama, ka tarar da murfin ko da ƙanƙara ta rufe shi. Ka buɗe da dogon mabuɗi, ka dasa bututun tsaye, ka bar ruwan ya zuba har ya washe, sannan ka ɗaura tiyo. Inda babu bututu, kamar gonaki da daji, sai a tsotso daga rafi ko tafki, ko a yi ta jigila da tanka. Mutanen da muka yi wa ihu a daren nan ba su da murfin da za su buɗe. Na daɗe ban ji kunyar wani abu da na yi ina yaro kamar ta wannan rana ba.

A kwas ɗin ne kuma aka ɗora tukunyar mai a wuta a fili har ta kama, aka zuba mata ruwa kofi ɗaya daga nesa da dogon ƙarfe. Wutar da ta tashi ta fi rufin gareji tsawo. Lita ɗaya ta ruwa tana zama tururi kusan lita 1,700, shi ke watsa man sama yana ci. A daren na kira ƙanwata da ke tuyar awara a ƙofar gida, na ce in kasko ya kama ta rufe shi da murfi ta janye itace, kada ta kusance shi da ruwa. Ta ce, "Yaya, wannan ai kowace mai tuya ta sani." Na ce to madalla.

Bayan na ci jarrabawa aka ba ni na'urar kira, irin wadda ta yi tsuwwa a ƙugun maƙwabcina. Matata ta raɗa mata suna kishiya, don ba ta da lokacin kira sai an zuba abinci ko an kashe fitila. Yadda abin yake, mai neman taimako 112 yake bugawa, kiran ya faɗa cibiyar gunduma inda ma'aikata ke zaune dare da rana. Su ke duba irin matsalar da unguwar, su tayar da na'urorin waɗanda ya kamata. Dokar Hessen ta ce a tsara komai yadda taimako zai isa cikin minti 10 daga tayar da mu. Cikin goman nan ne za ka bar abin da kake yi, ka isa tasha, ka sa kaya, mota ta cika ta tashi. Shi ya sa kowane ƙauye da ke ƙarƙashin garinmu yake da tasharsa, ko da 'yar mota ɗaya ce mai ɗaukar mutum shida. Mu a tsakiyar gari muke da manyan kaya: motar da na ambata, tanka mai lita 4,000, 'yar bas ta shugabanni mai cike da oba-oba da taswira, da motar tsani mai juyawa wadda kwandonta ke kai mita 23 sama tana tsaye mita 12 daga gini. Akwai kuma almakashi da mabuɗin ƙarfe masu aiki da matsin mai, na yanka mota a ciro wanda ya maƙale.

Idan kira ya same ka a wurin aiki, doka ta ce mai kamfani ya sake ka kuma kada ya taɓa albashinka, shi kuma ya nemi kuɗinsa a hannun hukumar gari. Hukumar garin ce ke sayen motoci da kaya da gina tasha, majalisar gari ta zauna ta amince, jiha ta tallafa daga wani haraji da ake cira a kuɗin inshorar gobara. Mota ɗaya tana cin ɗaruruwan dubban Yuro, ana kuma moran ta fiye da shekara ashirin, don haka duk wata ƙusa da ke jikinta tana da ranar dubawa da mai sa hannu. Wanda gidansa ya kama ba a cajinsa, sai in da gangan ya yi ko da mugun sakaci. Shugabanni kuwa mu ke zaɓensu da ƙuri'a, na tasha da na gari baki ɗaya, wa'adin shekara biyar. Sai dai ƙuri'a ba ta isa ba, dole mutum ya je makarantar kashe gobara ta jiha da ke Kassel ya yi kwasa-kwasan shugabanci. Namu shugaban kafinta ne, kuma na ga lauya yana naɗe tiyo a gabansa ba gardama.

Wanda ya shiga don ya yi ta faɗa da harshen wuta zai sha mamaki. Yawancin fitarmu ba gobara ba ce. Bishiya ta faɗo kan titi, mai ya zube daga wata mota, ruwan sama ya cika ɗakin ƙasa, tsohuwa ta faɗi a bayan ƙofa a kulle, na'urar gano hayaƙi ta wani kamfani ta yi ƙarya karo na uku a wata guda. Fitata ta farko tsintsiya na riƙe, ina share garin da ake barbaɗawa a kan man da ya zube. Bayan atisaye kuma akan zauna a sha giya a gasa naman alade. Ni lemon tuffa nake sha, kuma ba tare da na roƙa ba wata rana na tarar an sayo wani ƙaramin waya na gashi daban an rubuta sunana a jiki.

Sai maganar gemu. Kwas na gaba bayan na oba-oba shi ne na shiga hayaƙi da tukunyar iska a baya, kuma ƙa'idar a rubuce take: mai gashi a inda bakin takunkumi ke kama fuska ba zai sa shi ba, don hayaƙi zai sami hanya. Ni kuwa tun ina saurayi reza ba ta taɓa haɓata ba. Ba wanda ya matsa mini. Shugaba ya ce akwai aiki da yawa a waje, in na so ma gari zai biya mini lasin babbar mota in zama direba. Na yi shekara guda a haka.

Abin da ya juya ni wata Talata ce da ƙarfe goma na safe. Da rana garinmu kusan kango ne, matasa duk sun tafi aiki Frankfurt da kewaye, ni kuwa aikin dare nake yi, ina gida. Kira ya zo, hayaƙi a wani gida. Muka haɗu mu biyar, mai izinin ɗaukar tukunya mutum ɗaya tak. Ba a shiga hayaƙi sai mutum biyu, kuma sai da wasu biyu a shirye a waje don ceton na ciki. Muka shimfiɗa komai muka tsaya jiran motar ƙauyen da ke kusa. Allah ya taimaka ba kowa a gidan. Amma mintunan nan da na yi a tsaye, da lafiyata da ƙarfina, sun hana ni barci.

Na kira malamin da na yi karatu a gabansa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga halin da nake ciki." Ya yi tambayoyi da yawa, har ya ce in kwatanta masa takunkumin. Bai ce in aske ba, bai ce kada in aske ba. Ya ce ceton rai ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni ne a wurin, ni na san ko akwai wanda zai tsaya a madadina. Ranar da na fito daga banɗaki da haɓa fes, ɗana ya ɓuya a bayan uwarsa. Da muka yi waya ta bidiyo da mahaifiyata, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ba a ce ka cire shi ba." Na ce, "Inna, ki yi mini addu'a kawai." Ta yi.

Kafin kwas sai likita ya gwada huhu da zuciya da ido da kunne, ya ɗora ka a keken gwaji har ka yi gumi, kuma ana sabunta gwajin duk shekara uku ga wanda bai kai 50 ba. Kwas ɗin awa 25 ne. Tukunyar lita 6 ce, an danna mata iska har ma'auni ya kai 300, abin da zai ishe ka wajen rabin awa in ba ka firgita ba. In ya sauko kusan 55 sai ta fara fito a bayan kunnenka, kuma wanda ya bari ya ji wannan fito yana can ciki ya riga ya yi kuskure, don ƙa'ida ita ce ka tanadi ninki biyu na iskar da ka ci wajen shiga saboda fitowa. Akwai wani keji na waya mai hawa-hawa da ake sa ka rarrafa a cikinsa cikin duhu da zafi da hayaƙin wasa, da kaya sama da kilo 20 a jikinka, har ka zo wani rami da ba ka wucewa sai ka sauke tukunyar ka tura ta gaba ba tare da ka cire takunkumi ba. A nan na ji kamar in fizge komai in yi ihu. Abokin tafiyata ya dafa ƙafata sau biyu, na tsaya na ja numfashi uku, na wuce. Duk shekara sai an koma kejin nan.

Shigata ta farko ta gaske kicin ne a hawa na biyu. Matar gidan na'urar hayaƙi ta riga ta fito da ita, irin wadda doka ta wajabta a ɗakunan kwana. A ƙasa muka miƙa wa mai allo sunayenmu da ma'aunin tukwanenmu, ya rubuta lokaci. Muka rataya labule a ƙofar gidan don kada hayaƙi ya cika matattakala, muka durƙusa muka shiga. Ban ga wuta ba. Ban ga ko hannuna ba. Na'urar ganin zafi da ke hannun na gabana ce ta nuna mana fari fat a saman kabad. Feshi gajere uku ko huɗu, muka buɗe taga, aka kunna fanka daga ƙasa. Ruwan da muka kashe bai kai na wankin mota ba. Da muka fito aka tuɓe mana kayan tun a bakin titi aka ƙulle a leda, don toka da hayaƙin da ke jikinsu ba a kai su gida.

Duk kaka, kafin sanyi ya kankama, akan raba mu biyu-biyu a ba mu jerin tituna mu bi murafen nan ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ke son wannan aiki, ni kuwa ban taɓa fashi ba. Ka ɗaga murfi, ka kwashe laka da ganye, ka dasa bututu, ka buɗe, ka shafa maiko a baki don kada ƙanƙara ta liƙe shi. Wanda aka ajiye mota a kansa ko allonsa ya ɓace sai ka rubuta. Bana ɗana ne ya riƙe takardar, don ya cika shida ya shiga rukunin yara na tasha. A titin makaranta ruwan ya fito ja kamar kunun kanwa, muka tsaya muna kallo har ya washe. Ya ce, "Abba, in sa alama?" Na ce ya sa, muka mayar da murfi muka nufi na gaba.